Kwalejin da Ta Fara da Ɗalibai 10: Lacca ga Mutanen Gwarzo da Kabo

 

  

An nemi in yi magana a kan karatun gaba da sakandare a wannan yanki namu na yammacin Kano, kuma dalilin neman ba ɓoyayye ba ne. Gwarzo ta daɗe da Makarantar Nazarin Muhalli, reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin fasaha a Kabo, a 2025 kuma aka sa hannu a dokar da ta ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Duk uban da ke Garo ko Getso ko Kutama ko Lakwaya ya san abin da wannan ke nufi. Yaron da a da sai an sayar da buhun masara an haɗa masa kuɗin mota da na hayar ɗaki a birni, yanzu zai iya karatu kusa da gida. Mun gode wa Allah, mun kuma gode wa duk wanda ya yi ɗawainiya har aka kai ga haka.

To amma ni yau tarihin wata ƙaramar kwaleji na zo muku da shi, wadda take kan wannan titi da da yawanku kuka biyo, a can ƙarshensa na gabas. Ina ganin a cikin tarihinta akwai abin da ya kamata mu riƙe tun makarantunmu suna ƙanana, domin in suka girma ba za mu same shi da sauƙi ba.

A 1934 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya tsaya aka buɗe makarantar horar da alƙalai a cikin birni, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda Kanawa suka fi sani da SAS. A cikin harabarta ne, a watan Oktoba na 1960, watan da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka buɗe wata 'yar kwaleji mai suna Kwalejin Ahmadu Bello. Aikinta shirya waɗanda suka gama sakandare su ci jarrabawar shiga jami'a, a darussan Larabci da tarihin Musulunci da addini da Hausa da adabin Ingilishi. Ba ta da gini nata, aro take yi. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka sa mata sunan Sardauna Ahmadu Bello, sai aka sauya wa ta Kano suna ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar Zariya mai kula da adabi da ilimin Musulunci.

A 1964 ta tashi daga SAS ta koma tsohon otal na filin jirgin saman Kano, nan ma zaman wucin gadi. A wannan otal ta ɗauki ɗalibanta na farko na digiri. Su 10 ne. Suka gama a 1966 da digirin Jami'ar Ahmadu Bello. Yaƙin basasa ya sa zama kusa da filin jirgi ya zama haɗari, sai kwalejin ta koma filinta na kanta a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kabuga da Dukawuya, inda yau ake kira tsohuwar jami'a. A 1975 ta zama kwalejin jami'a, a 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta, Dakta Mahmud Tukur yana shugabanta na farko. Sabon mazauninta kuwa kuna wuce shi duk ranar da za ku shiga birni ta titin Gwarzo.

Shekara 17 ke nan daga ɗakin aro zuwa jami'a. Ina so mu tsaya kan ɗaliban nan 10, mu tambayi kanmu me suka samu.

Abu na farko da suka samu shi ne mutumin da aka ɗora a kansu. Abdullahi al-Tayyib ɗan Sudan ne, yana cikin manyan masana adabin Larabci na ƙarnin da ya wuce. Littafinsa Al-Murshid, a kan fahimtar waƙoƙin Larabawa da yadda ake ƙera su, har yau ana karanta shi a jami'o'in ƙasashen Larabawa. Ya shekara da shekaru yana tafsirin Alƙur'ani a rediyon Omdurman da harshen da talakan Sudan yake ji. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Khartoum, a shekarar 2000 kuma aka ba shi kyautar Sarki Faisal a fannin adabi. Irin wannan malami ne ya zo Kano ya jagoranci kwalejin da ɗalibanta ba su cika benci uku ba. Ku auna da kanku. Idan ɗalibai 10 ne a gaban malami, babu mai ɓuya a bayan aji. Wanda bai yi karatun jiya ba za a gane shi kafin a gama gaisuwa. Wanda ya rubuta jimla gurguwa za a kira shi da sunansa a nuna masa inda ta karye. Wanda yake da wata baiwa kuma ba za ta ɓace a cikin taro ba.

Sai kuma abin da suke karantawa: harshe, adabi, tarihi, addini. A yau akwai masu kallon waɗannan fannoni a matsayin inda ake tura wanda makinsa bai kai na likita ko injiniya ba. Wannan ra'ayi yana ba ni takaici, domin daga wannan 'yar kwaleji ne aka sami Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969. A nan irin su Muhammadu Kabir Mahmud Galadanci da Ɗandatti Abdulƙadir da Ibrahim Yaro Yahaya suka yi aikin da ya sa Hausa ta zama fannin da ake yin digiri a kansa har zuwa na uku. Littafin nahawun Hausa na Galadanci ya fito a 1976. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyin da yawancinmu muka karanta a firamare, a 1988 kuma ya fitar da Hausa a Rubuce, tarihin rubuce-rubucen wannan harshe. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya bayyana kalmomin Hausa da Hausa, ya fito daga wannan cibiya a 2006. Duk malamin Hausa da ke koyarwa a sakandaren Gwarzo ko ta Kabo yau, daga wannan rijiya yake ɗiba, ko ya sani ko bai sani ba.

Malamanmu na zaure da ke zaune a sahun gaba, Allah ya gafarta muku, na san kuna cewa a ranku ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Gaskiyarku. Tun kafin Bature ya zo, haka ake karatun ilimi a ƙasar nan. Ɗalibi ya zo da littafinsa ya zauna a gaban malam, ya ja baƙi, malam ya fassara ya yi sharhi, sauran suna saurare har layi ya zo kansu. Daga Ahalari da Ishmawi a wuce Iziyya da Risala har Askari, a haɗa da Ajurumiyya domin nahawu, da Ishiriniya da Muƙama domin lugga da adabi. Malam ya san wanda ya isa ya buɗe sabon littafi da wanda ya kamata ya maimaita. Ya san gidansu, ya san halinsa, wani lokaci shi zai nema masa mata. Mutanen Amurka suna alfahari da ƙananan kwalejojinsu irin Williams da Amherst, waɗanda kowace ɗalibanta ba su wuce wajen 2,000 ba, suna kuma biyan kuɗi mai yawa domin 'ya'yansu su zauna a ƙaramin aji kusa da malami. Mu wannan tsari gadonmu ne, kyauta ake ba da shi a zaure.

Kuma wannan gari ya fitar da mutumin da ya haɗa karatun biyu. Dakta Hassan Ibrahim Gwarzo, Allah ya ji ƙansa, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a 1972, a kan rayuwa da koyarwar Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, malamin nan na ƙasar Tuwat da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙe mulki. Masu bincike a kan al-Maghili a ko'ina cikin duniya har yau suna komawa ga aikin ɗan Gwarzon nan. Shi ne kuma ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano. Wanda zai yanke hukunci tsakanin mutane yana bukatar sanin nassi, yana bukatar sanin tarihin mutanen, yana bukatar iya karanta takarda ya gane abin da ta ce da abin da ta ɓoye. Ku ɗalibai, ina so ku san sunansa, ku kuma nemi sanin abin da ya rubuta.

Kada a ɗauka ina yabon ƙanƙanta ne don kanta. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ƙarama ce ƙwarai, ta kuma fitar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Biyu daga cikinsu sun shiga gasar rubutun Hausa ta 1933, aka sami Shaihu Umar da Ruwan Bagaja. Amma ƙanƙantarta ta rowa ce. Turawan mulki sun buɗe ƙofar daidai yadda za su sami malaman makaranta da ma'aikatan En'e, suka bar miliyoyin yara a waje, mata kuwa ko zancensu ba a yi. Har yau Arewa tana biyan bashin wannan rowa. Yanzu kusan yara miliyan 2 ne suke zana jarrabawar JAMB a kowace shekara, kuma babu mai hankalin da zai tsaya a Kabo ya ce a ɗauki ɗalibai 10 a rufe ƙofa. Dole makarantunmu su girma. Tambayar ita ce me za a yi da yaron bayan ya shiga.

Ga abin da yake faruwa a manyan makarantun ƙasar nan da yawa, kuma duk wanda ya yi karatu a cikin shekarun nan zai shaida. Doka ta wajabta wa kowane ɗalibi, ko me yake karantawa, ya ɗauki darussan gama-gari: amfani da harshen Ingilishi, tarihi da al'adun Nijeriya, tunani da mantiƙi. Niyyar mai kyau ce. Amma yadda ake yin su shi ne a tara ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗaki, wasu a tsaye wasu a bakin taga, malami yana magana na baya ba sa ji. A sayi handawut, a haddace, a shiga ɗakin kwamfuta a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu. Yaro zai ci darasin rubutu ba tare da ya rubuta shafi guda wani ya karanta ya gyara masa ba. Sai ya kai shekarar ƙarshe, aka ce ya rubuta furojet, sannan asiri ya tonu, ya tafi shagon masu kwamfuta a haɗa masa. Ya fito da kwali, amma takardar neman aiki sai an rubuta masa. Ban ɗora laifin a kan malamai ba. Mutum ɗaya ba zai iya duba rubutun ɗalibai 800 ba, ko da ya daina barci.

Wani zai ce ai namu makarantun na kimiyya da fasaha ne, ina ruwansu da adabi da tarihi? Mu ɗauki yaron da aka horar ya tsara gari ko ya auna fili. Ranar da aka tura shi fitar da hanya a wani ƙauye, na'urarsa za ta ba shi tsawo da faɗi, amma ba za ta gaya masa cewa nan burtali ne, can tsohuwar maƙabarta ce, wannan gona kuma gado ce da ba a raba ba tsakanin gidaje biyar. Sai ya iya zama da dagaci da mai unguwa da liman, ya san yadda ake gaisuwa da yadda ake sauraro, ya san wani abu na hukuncin gado, sannan ya koma ya rubuta rahoton da na sama za su karanta su gane. Injiniyan da zai yi aiki a madatsar ruwa irin ta Challawa da ke Ƙaraye yana bukatar sanin labarin mutanen da ruwa ya tasa da waɗanda suke noman rani a ƙasa. Rigingimun fili da na ruwa da muke gani, da yawansu ba daga kuskuren lissafi suka taso ba, daga jahiltar mutane da tarihinsu ne.

A Ghana akwai wanda ya gwada haɗa biyun a zamaninmu. Patrick Awuah ya bar aikinsa a kamfanin Microsoft ya dawo gida ya buɗe Jami'ar Ashesi a 2002, da ɗalibai 30, a gidan haya a Accra. Fannoninta kwamfuta ne da kasuwanci, daga baya aka ƙara injiniya, amma kowane ɗalibi sai ya yi darussan rubutu da ɗa'a da shugabanci da nazarin Afirka, a ƙananan ajujuwa. A 2008 ɗaliban da kansu suka amince su riƙa rubuta jarrabawa babu mai tsaro, bisa alkawarin ba za su yi satar amsa ba, ba kuma za su rufa wa mai yi asiri ba. Jami'a ce mai zaman kanta, tana da masu tallafa mata daga waje, don haka ban ce mu kwafe ta ba. Na kawo ta ne don a ga cewa abin yana yiwuwa a Afirka ta Yamma, a makarantar fasaha, a wannan zamani.

Manoman rani na yankin nan sun san ba a watsa irin tumatir a gona gaba ɗaya. Sai an rene shi a ɗan fangali inda ido yake kansa safe da yamma, ya yi ƙwari, sannan a dasa. Shekarar farko ta ɗalibi ita ce wannan fangali. Roƙona ga masu tsara karatu a Kabo da Gwarzo shi ne, ko makaranta ta kai dubu nawa, a raba 'yan shekarar farko rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce 25 ko 30, kowane da malami ɗaya da zai sa su rubuta shafi ɗaya ko biyu duk mako, ya karanta, ya gyara, ya mayar. A yi da Ingilishi, a kuma yi da Hausa, domin wanda ya iya tsara tunaninsa da harshen uwarsa ya yi rabin aikin tsara shi da wani harshe. Wannan yana bukatar ɗaukar malaman harshe da tarihi da yawa tun farko, kuma albashinsu bai kai kuɗin ƙofar shiga mai ado ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ina kuma roƙon iyayenmu sarakuna su saurare ta da kyau. Tsakanin Gwarzo da Kano wajen kilomita 70 ne, Kabo ma ta fi kusa. Wannan kusanci ni'ima ce, amma akwai haɗari a cikinta ga duk makarantar da ke wajen birni. Malami zai ajiye iyalinsa a Kano, ya taso da safe ta Rimin Gado, ya yi laccarsa, kafin la'asar ya kama hanya. Wani ma zai matse darussansa duka a kwana biyu. Ba mugunta ce take sa shi ba: makarantar 'ya'yansa tana birni, asibitin da matarsa take zuwa yana birni, ruwa da wuta sun fi samuwa a can. Amma sakamakon shi ne da yamma harabar makaranta ta zama kango, babu babba sai masu gadi. Alhali rabin abin da ɗalibi yake koya a kwaleji bayan an tashi daga aji yake koyonsa: a ofishin malami da ya tsaya duba takardu, a hanyar masallaci bayan magariba, a zaman muhawara, a ƙungiyar Hausa ko ta wasan kwaikwayo da wani malami ya ɗauki nauyin kula da ita, a ƙofar gidan malami inda yaro zai je da matsalar da ba zai iya faɗa a aji ba. Malamin da yake kan titi a wannan lokaci ba zai ba da ko ɗaya daga ciki ba.

Maganin wannan ba a hannun gwamnati kaɗai yake ba. Gwamnati ta gina kwatas, haka ne, a kuma sa shi a gaba a kasafi. Amma gari ne yake sa baƙo ya zauna. Masu hali na Gwarzo da Kabo su gina gidajen haya masu kyau da ruwa a ciki, kada su tsawwala kuɗi don an ga ma'aikacin tarayya. A gyara firamare ɗaya da sakandare ɗaya har su kai malamin jami'a ya yarda ya sa ɗansa, wanda ribarsa 'ya'yanmu ne za su fi ci. Malamin da ya zo daga Inugu ko Ilori ko Jos a karɓe shi hannu bibbiyu, a ba shi wurin ibadarsa da mutuncinsa. Ku tuna cewa wanda ya gaji Mahmud Tukur a shugabancin Jami'ar Bayero shi ne Farfesa Ezeilo, masanin lissafi daga gabashin ƙasar nan, wanda ya aza harsashin kwalejin kuma daga Sudan ya zo.

Ɗakin kwanan ɗalibai mata kuma a fara gina shi kafin na maza, da katanga da ruwa da uwar ɗaki mai amana. Iyaye mata da ke nan sun fi ni sanin dalili. Akwai uban da zai bar 'yarsa ta yi karatu in ya san inda za ta kwana da wanda yake kula da ita, amma ba zai bar ta ta kama haya a cikin gari ba, kuma ba za a ce bai yi tunani ba. Yarinyar Madadi ko Gude da ta ci jarrabawa, wannan ɗaki ne yake tsakaninta da zama malamar asibiti ko injiniya.

Game da laburare, a saya masa littattafai na gaske, a bar shi a buɗe har bayan isha'i da wutar sola. Ina kuma ba da shawarar a ware masa ɗaki guda domin tarihin wannan yanki. A gidajen malamai na garuruwanmu akwai littattafan hannu a cikin gafaka, na Larabci da na ajami, gara da damina suna cin su. Akwai tsofaffin da suka san yadda aka kafa unguwanni, da hanyoyin fatake, da yadda aka yi noman gyaɗa da auduga a zamanin En'e, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗalibin kwamfuta zai iya ɗaukar hoton littafi shafi-shafi ya mayar wa mai shi abinsa a ranar, ɗalibin tsara gari zai iya zana taswirar tsohuwar ganuwa da rijiyoyi da kasuwanni, wani ya ɗauki muryar tsoho ya zauna ya rubuta ta. Waya ɗaya mai kyamara da malami ɗaya mai kishi sun isa a fara a zangon karatu mai zuwa, in masu littattafan sun yarda. Shi ya sa nake miƙa wannan roƙo ga malamanmu na zaure tun da suna zaune a nan: in yaran nan suka zo ƙofarku da ladabi, a buɗe musu gafaka.